Tsohon Matuƙin Jirgin da Ya Ɗaga Hannu

Akwai wani mutum, sojan sama ne, matuƙin jirgi. Shekara ashirin yana tashi yana sauka, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa jirgi ba. Da furfura ta fara leƙo masa, sai aka mai da shi malami, yana koya wa samari tuƙi.

Jirgin koyo kuwa kujera biyu gare shi, da sandar tuƙi biyu a haɗe. In ɗalibi ya ja tasa, ta malami ma sai ta motsa. In suka ja tare, wannan dama wancan hagu, ƙasa ce za ta raba su. Saboda haka mutumin ya kafa doka. Ranar farko zai tsaya gaban ɗalibai, ya turo ƙirji, ya saukar da murya kamar mai magana daga cikin randa, ya ce, "In kun ji na ce, 'Ni ke da jirgi,' ba na son tambaya, ba na son bayani. Hannu biyu sama, in gan su. Sa'an nan ku amsa, 'Kai ke da jirgi, Yallaɓai.'" Yakan ce ɗalibin da bai iya ba bai taɓa ba shi tsoro ba. Wanda yake ba shi tsoro shi ne mai amsawa da baki, alhali yatsu biyu suna nan maƙale da sanda.

A gida ma haka yake. Kafin ya tada motarsa sai ya kewaye ta, ya shuri tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ya ce, "Ƙofofi?" 'Ya'yansa biyar su amsa, "A rufe, Yallaɓai." Matarsa ta ce, "Baban yara, kasuwa fa za mu, ba cikin gajimare ba." Duka biyar shi ya koya musu tuƙi. Autarsu, Afiniki, ita ce ta fi iyawa, ita ce kuma ta fi iya kwaikwayonsa. Da ya ba da baya sai ta turo ƙirji ta yi muryar randa, har uwar ta riƙe ciki don dariya.

Allah ya ba mutumin tsawon rai. Ya kai tamanin da uku, ya ga jikoki, ɗalibansa ma sun yi furfura. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani, bai kuwa faɗa wa kowa ba. Hanyar majami'a ya san ta da ka, ramukanta yake bi da ƙwaƙwalwa. Matarsa ta lura. Ta bar kujerar gaba ta koma baya, da an tada mota sai ta rufe ido ta kama waƙar yabo, ba ta tsayawa sai an isa. Shi kuwa yana gaya wa mutane, "Maman yara ta ƙaru cikin bangaskiya ƙwarai."

Wata rana aka sa bikin jikarsa a ƙauyensu. Hanyar garin gangara ce mai kwana-kwana, dutse ta hannun dama, kwazazzabo ta hannun hagu. Afiniki ta zo musamman don ta tuƙa su.

Ta ce, "Baba, kawo makulli, ka huta."

Ya ce, "Ni da na sauke jirgi cikin hadari da inji ɗaya? Shiga ki zauna."

Ta shiga ta zauna kusa da shi. Uwar ta shiga baya, ta fara waƙa tun kafin ya gama shurin taya.

Suna cikin gangarawa, rana ta bugi gilashi, komai ya zama fari fat a idonsa. Ashe wata babbar mota ta lalace a bakin kwana, direbanta ya jera ɗanyen ganye a kan titi, yadda aka saba, don masu zuwa su rage gudu. Tsohon ya taka tarin farko. Ya taka na biyu.

Afiniki ta ce, "Baba, ka ga ganye?"

Ya ce, "Na gani." Bai kuwa gani ba, ƙafarsa ma tana kan totur.

Afiniki ta san ubanta. In ta yi ihu, zai tsaya gardama. In ta fizgi sitiyari, zai fizge, su duka su faɗa kwazazzabo. Sai ta turo ƙirji, ta saukar da murya can cikin randa, ta ce, "Ni ke da jirgi."

Kafin girman kansa ya farga, hannuwansa sun riga sun tashi sama, duka biyu. Bakinsa ya ce, "Ke ke da jirgi, Yallaɓai."

Ta kama sitiyari daga inda take zaune. Ta ce, "Birki, a hankali. Ƙara. Ƙara." Ya taka yadda ta ce, bai tambayi dalili ba. Ta karkata motar gefen dutse, suka tsaya. Tsakaninsu da ƙarfen babbar motar bai fi kamu ɗaya ba.

Waƙa ta tsaya a baya. Uwar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ƙauye muka iso, ko wurin Uba?"

Tsohon ya fita, ya miƙa hannu ya shafa bayan babbar motar. Sa'an nan ya ce, "Ban gan ta ba. Shekara uku ke nan ba na gani sosai."

Matarsa ta ce, "Ai mun sani. Kana tsammani don daɗin muryata nake ta rera waƙa?"

Ya zare makulli ya sa a tafin 'yarsa, ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da matarsa. Afiniki ta gyara madubi ta ce, "Ƙofofi?" Ya ce, "A rufe." Kafin su kai gindin dutse barci ya ɗauke shi, baki buɗe. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa barci a hanya ba sai ran nan. Suka isa biki lafiya, shi ya sa wa amarya albarka. Daga baya aka yi masa aikin ido, ya koma yana gani, amma bai ƙara neman makullin ba. Ya ƙara shekara takwas a duniya, a kujerar baya.

To, ga ma'anar wannan misali. Motar nan ita ce rayuwarmu, da duk waɗanda muka ɗauko a ciki. Yanar ido ita ce abin da muke ɓoyewa: zunubi, ko tsoro, ko rauni, muna cewa "na gani" alhali ba mu gani ba, mutanen gidanmu kuma sun daɗe da sani. Ganyen kan titi gargaɗi ne da Ubangiji yake jera mana ta bakin iyaye, da malamai, da Maganarsa. Mai cewa "Ni ke da jirgi" kuwa Yesu Almasihu ne, wanda yake zaune kusa da mu tun farkon tafiya, yana ganin abin da ke bayan kwana.

Ku lura da abu biyu. Ba gwanintar tsohon ce ta cece shi ba, abin da ya saba yi kullum ne. Wanda bai koyi biyayya a ranakun lafiya ba, hannunsa ba zai tashi a bakin kwana ba. Kuma da ya saki sitiyari, aikinsa bai ƙare ba: an ce ya taka birki, ya taka.

Da yawa cikinmu mun iya amsawa. Ran Lahadi mu lanƙwasa wuya, mu yi murya mai taushi, "Ya Ubangiji, na danƙa maka kome da kome." Litinin da sassafe yatsu biyu sun koma kan sanda. Ke da ke fargabar jarrabawa, kai da ke riƙe da fushin ɗan'uwanka tun bara, ku duba hannuwanku yau. Ku ɗaga su duka biyu, Ubangiji ya gan su. Akwai wuri a kujerar baya, kuma barcin can da daɗi.