Gadar Burgu da Awaki Arba'in

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso. Wani gari ne a daji, kogi ya raba shi da kasuwa. Sai Burgu ya dawo daga karatu da alƙalami a bayan kunne, wai daga yau a kira shi Injiniya. Zaki, sarkin garin, ya ce, "In ka yi mana gada, rawanin Sarkin Gini naka ne." Burgu kuwa son rawanin nan kamar ya kashe shi.

Sai aka tufka igiyoyi, aka shimfiɗa itace, gada ta rataya. Burgu ya gwada kowace igiya ita kaɗai. Sai ya sa Jaki ya hau, ya haye lafiya. Sai Ɓauna ta hau, ta haye lafiya. Sai Giwa ta hau, gada ko gezau.

Wata tsohuwar Akuya ta ce wa Burgu, "Ranka ya daɗe, ka gwada mu a tare kuwa? Mu fa in ɗaya ta karkata, ta bayanta ma karkata take."

"Haba Iya! Awaki arba'in ba su kai nauyin Giwa ɗaya ba. Ke kin yi karatu ne?"

"Ban yi ba, ɗan nan. Amma a cikin garke na tsufa."

Ranar buɗe gada aka naɗa wa Burgu farin rawani. Ya je tsakiyar gada ya ƙame, ya sa Biri ya saki kalangu. Sai awaki suka hau. Gada ta ɗan lanƙwasa hagu, sai ta gaba ta taka dama don kada ta faɗi. Ta bayanta ta taka dama. Kafin ka ce kwabo, duk arba'in ƙafa ɗaya suke jefawa, gada na lilo, ga kiɗa na ƙara zuga su.

Burgu ya kwarma ihu, "Ku daina yin abu tare!"

Ai kuwa sai suka tsaya cak, duk a tare. Igiya ta ce ɓas!

Awaki suka yi iyo suka fita. Burgu kuwa da ƙyar aka tsamo shi, ruwa ya tafi da rawani sai ɗan ƙyalle a hannunsa. Amma don rashin kunya, yana tari yana cewa, "Lissafina daidai ne, awakin ne ba su iya tafiya ba!"

Zaki ya karɓi ƙyallen ya ɗaure masa a wutsiya, ya ce, "Ga naɗinka nan, a inda ya dace."

Shi ya sa har yau ƙarshen wutsiyar burgu fari ne. Ku kuma ku ji: wanda ya san halin akuya ɗaya bai san halin garke ba. In za ka yi wa jama'a gini, tambayi masu takawa.

Ƙurunƙus kan burgu, rawani ya bi ruwa.