Lambun da Ke Bakin Kwatar Fada

An ce wani sarki aka yi a wani gari mai ganuwa, wanda bai taɓa sanin yunwa ba sai irin wadda ake ji tsakanin ɗauke akushi da kawo wani. Ba zan tsaya ba ku labarin rawaninsa da alkyabbarsa ba, ku ƙaddara duk yana da su. Ba azzalumi ba ne. Da azzalumi ne ma da mutane sun san ta inda za su kauce masa. Shi ciwonsa ɗaya, son ba da shawara a kan abin da bai sani ba.

Wata shekara amfanin gona bai yi kyau ba. Da damina ta zagayo, rumbuna suka yi ƙasa tun gero bai fitar da kai ba. Labari ya kai fada. Sarki ya kira Waziri ya ce, "Ya Waziri, mutanen nan ba rashi ne ke damunsu ba, tattali ne ba su iya ba. Mu za mu koya musu."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dama abin da ke bakina ke nan."

Daga nan kowace Juma'a mai shela ya riƙa zaga gari da sabuwar dabara daga fada. Makon farko ya ce sarki ya gaishe su, ya ce a rage cin nama, sau biyu a rana ya isa. Mutanen da rabonsu da nama tun layya suka ce sun ji, sun bi. Mako na biyu ya ce kada a yanka sabon rago sai an cinye na jiya. Mako na uku ya ce man shanu da ƙaramin ludayi ake zuba shi, ba da moɗa ba. Waziri ya kawo wa sarki albishir cewa tun da aka kafa garin ba a taɓa yin dokokin da aka bi kamar waɗannan ba, don ko mutum ɗaya ba a kama ya karya ba. Sarki ya ji daɗi har ya ƙara tuwo.

Ran nan bayan la'asar ya hau bene don abincin rana ya faɗa masa, sai ya hango bayan gidajen mutane kore shar. Ko'ina ganye, jikin katanga ganye, gindin rumbu ganye, har cikin fasassun tukwane.

Ya ce, "Ya Waziri, mene ne wancan?"

Waziri ya leƙa, ya ce, "Ciyawa ce, ya sarki."

"Ka gani ko? Ƙazanta da lalaci. Ina tattali zai zauna a gidan da ba a iya nome bayan ɗaki ba?"

Kafin magariba shela ta fita: kwana uku, kowa ya share ciyawar gidansa tas, wanda ya ƙi a fitar da shi bayan ganuwa shi da komatsansa. To abin da sarki ya kira ciyawa, shi ne rama da tafasa da zogale da yakuwa da lalo, wato abin da ke riƙe da cikin garin kafin sabon hatsi ya shigo. Mata suka yi ta yanka suna share hawaye, suna shanya abin da za su iya a tsakar ɗaki. Ganye kuwa a tsakiyar damina ba ya bushewa, ruɓewa yake.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Wata tsohuwa ce, Gwaggo Dela, wadda gidanta ke manne da katangar bayan fada. Lambunta ya fi na kowa, kuma gida wajen ashirin a unguwar daga nan suke tsinkar abin miya. Ran kwana na uku dogarai suka zo da lauje. Suka tarar da ita zaune a bakin lambun tana ɓarar 'ya'yan kabewa.

Ta ce, "Ku je ku gaya wa sarki lambun nan nasa ne. Ba zan bari a sare dukiyar sarki bai gani da idonsa ba. In ya gani ya ce a sare, ni zan wasa muku laujen."

Da saƙo ya kai, sarki ya ce, "Ya Waziri, ina da lambu ban sani ba?"

Waziri ya ce, "Rikicin tsufa ne, ranka ya daɗe. A fitar da ita kawai."

Amma sarki ya ji an ce nasa, ba zai iya zama ba. Ya tashi da ƙafa ya zagaya bayan gidansa, wurin da shekara talatin yana mulki bai taɓa takawa ba. Gaisuwar fada doguwa ce, mu tsallake ta. Tsohuwa ta durƙusa iya yadda gwiwarta ta yarda, sarki ya tsaya yana toshe hanci da gefen rawani.

Ya ce, "Ke tsohuwa, ƙarya a gaban sarki ta fi ƙin bin doka nauyi. Zan tambaye ki, in amsarki ta karkace, yau za ki kwana bayan ganuwa. Wa ya ba ki irin da kika shuka?"

Ta ce, "Kai, ya sarki."

"Wa ke ba ki ruwan ban-ruwa da rani?"

"Kai, ya sarki."

"Taki fa?"

"Ragunan da ake turke maka. Su ma dai naka ne."

Sarki ya saki hancinsa, fuska ta washe. Ya ce, "Ya Waziri, a sa mai shela ya faɗa wa gari. Ashe muna kyauta har ba mu san mun yi ba."

Gwaggo Dela ta ce, "Kar a wahalar da mai shela, ya sarki. Ba kyauta ka yi ba, zubarwa ka yi."

Ta ɗaga sandarta ta nuna wani rami a gindin katangar fada, inda kwatar madafa ke fitowa. Ruwan tsari ne ke kwarara, fari kamar nono, ɗauke da 'ya'yan tumatir da na tattasai da hanjin kabewa. Gefe guda ga tarin toka, ga dusa, ga ƙanzo faifai-faifai da masu tuwon fada suka kankare suka wurgo ta kan katanga.

Ta ce, "Shekara goma sha biyu da suka wuce na ga kabewa ta tsiro a bakin kwatar nan ita kaɗai. Na ce in ita ta ga abin zama a nan, ni ma na gani. Na ja wa ruwan hanya da fartanya. Sauran duk gidanka ne ya aiko, ba sallama."

Sarki ya ɗan ji kunya, sai ya sake tambaya don ya rufe. "To ke mai dabara, mudun gero sau nawa ake cin sa?"

"A wane gida? A naka sau ɗaya, rabi ma kwata ke ci. A nawa kuwa, in na surfa, dusar ta kaji ce, su biya ni da ƙwai. In na wanke, tsarin na akuya ne, ta biya ni da nono. Mu ci tuwo da yamma, mu ci ɗumame da safe. Ƙanzon gindin tukunya in shanya shi, ran da babu in jiƙa shi in kwaɗa da ƙuli. Tokar da ta dafa shi ma ba ta tsira ba. In tace ta ta zame min kanwa, in barbaɗa wa ganye tsutsa ta gudu, in binne wake a cikinta ya shekara ƙwaro bai huda ba. In kuma gero ya ƙare sai tsaki, tafin hannu biyu da ƙwarya guda ta rama, ka ga dambun mutum tara."

Waziri ya ga magana tana neman tafiya inda ba ya so. Ya ce, "Ya sarki, duk wannan zance ne. Doka a kan ciyawa aka yi ta, ga ciyawa kuma muna gani."

Tsohuwa ta juyo ta ƙare masa kallo. Ta tsinko ganye ɗaya ta miƙa masa. "Mene ne sunan wannan?"

"Ciyawa."

"Wannan fa?"

"Ita ma ciyawa ce, doguwa."

Ta ce, "Ikon Allah. Ɗan Barmani, kai ne yau ba ka san tafasa ba? A da ɗakin uwarka na kallon nawa a Unguwar Masaƙa. Shekarar da aka yaye ka babu ko ƙwayar hatsi a gidanku, da tafasa da ƙuli aka tsayar da kai da ƙafafunka. Har kuka kake in an ɗauke kwanon. Shi sarki bai sani ba, a cikin man shanu aka haife shi. Kai da ka sani ka ce ciyawa."

Dogarai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Waziri ya shiga gyaran rawanin da babu abin da ya same shi.

Sarki ya ce, "Ya Waziri, gaskiya ne?"

"An daɗe, ranka ya daɗe. Mutum yakan manta."

Gwaggo Dela ta ce, "Bari mu gani ko bakinsa ya manta."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, kwaɗon ƙanzo da tafasa, an sa ƙuli da ɗan barkono da albasa. Sarki ya ɗiba da yatsa biyu kamar mai taɓa wuta. Ya tauna, ya sake ɗiba da yatsa huɗu. Waziri kuwa da aka miƙa masa, hannunsa bai yi shawara da shi ba. Ya dunƙula loma ya matse ta a tafin hannu yadda 'yan unguwa ke yi, ya kai baki, sannan ya tuna ana kallonsa.

Sarki ya ce, "Wannan ƙanzon na gidana ne?"

"Na shekaranjiya. Mai tuwonku tana sakin wuta da yawa, Allah ya yi mata albarka."

Nan fa ilimi ya sauko wa sarki gaba ɗaya, irin saukar da ba ta ba mutum damar tunani. Ya ɗaga murya ya ce, "Yau na gane. Ashe ɓarnar a gidana take. Na janye dokar ciyawa. Kuma daga yau ba za a ƙara zubar da komai a fada ba. A kira magina su toshe kwatar nan. Tsari na awakina ne, dusa ta kajina, ƙanzo a tara mana a rumbu, toka a zuba a randa. Sai na zama sarkin da ya fi kowa tattali."

Waziri ya ce, "Dama abin da ke bakina ke nan."

Gwaggo Dela ta ajiye ƙwaryar. Ta ce wa dogarai, "Ku kawo laujen in wasa muku. Ku sare yanzu, ya fi sauƙi."

Sarki ya ce, "Ba ki ji na janye dokar ba?"

"Na ji, ya sarki. Ka janye wadda za ta kashe lambun yau, ka kawo wadda za ta kashe shi da rani. Kwatar da za ka toshe ita ce rijiyar gida ashirin. Da ba ka iya tattali ba muna ci. Yau ka koya a tsaye, za mu kwana da yunwa. In haka iliminka yake, da na bar ka yadda na same ka."

Sarki ya dubi ramin, ya dubi ganyen, ya dubi matan unguwa da suka leƙo ta kan zana suna jiran abin da zai ce. A karo na farko tun da ya hau gado, ya nemi shawarar da zai bayar ya rasa.

Ya ce a hankali, "To Gwaggo, in na zubar na yi ɓarna, in na adana na yi kisa. Ya zan yi?"

Ta ce, "Tattalina ba naka ba ne. Ni ina adanawa don kada in rasa. Kai me za ka rasa? Bar ruwan ya bi hanyarsa, shi bai san wulaƙanci ba. Amma abin da baki zai ci, ya daina fitowa ta kan katanga yana haɗuwa da ƙasa muna tsincewa kamar kaji. Fasa ƙofa a nan. Ya fito a ƙwarya, a hannun mutum, da sallama. In kuma rumbunanka sun gaji da tsayuwa a cike, ƙofar za ta ɗauke su su ma."

Aka fasa ƙofar a ranar. Aka buɗe rumbu uku na fada, don waɗanda suka bi doka suka sare nasu ganyen ba su da abin da za su jira da shi. Waziri aka ɗora wa tallan iri, gida-gida, kuma sarki ya ce duk ƙofar da ya tsaya sai ya faɗi sunan kowane ganye da ƙarfi. An ce bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Da Juma'a ta zagayo sarki ya aika a tambayi Gwaggo Dela ko ya dace a yi shela cewa kowa ya riƙa cin tafasa. Ta ce a gaya masa an fara bin wannan dokar tun ba a haifi kakansa ba.

Sai ya sallami mai shela ya je ya huta, ya sa aka rubuta magana ɗaya a saman sabuwar ƙofar, ta cikin gida, inda shi ne zai riƙa gani: mai mulki ya buɗe tukunya kafin ya sa mata doka, abin da ya rage masa kuma ya fita ta ƙofa, don adalci ba ya bin kwata.