Yadda Tasalla Ta Kasa Faɗin Kamannin 'Ya'yanta

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko goro ne a bakinku? Ta zo mu ji ta. Yauwa.

A wata fadama mai bado da kainuwa akwai wata kwaɗuwa, sunanta Tasalla. Koriya ce, fatarta sumul, ƙafafunta na baya dogaye, irin kwaɗin nan da ba sa nisa da ruwa. Tana da gwaggo, ita kuma kwaɗuwar tudu ce, jikinta duk kurzunu, gidanta ƙarƙashin wani tsohon turmi. Gwaggon nan ta san al'ada kamar yunwar cikinta, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Da damina ta sauka, sai Tasalla ta yi ƙwanta na fari, curi guda a gindin bado. Ta tsaya tana leƙe, daɗi ya cika ta. Sai ga Gwaggo.

"Ke Tasalla! Me zan gani? 'Ya'yan fari kike kallo ido da ido? Ina kunyarki?"

"Gwaggo, so nake in ga kamanninsu in sun fito."

"Kamannin me? Ni da na jera nawa na fari kamar zare cikin ruwa, ko waiwaye ban yi ba. Juya musu baya. Kada ki kira sunansu, kada ki dube su gaban jama'a."

To, ku gaya mini, yaushe fadama take rabuwa da jama'a da damina? Nan sauro, can kaguwa, sama tsuntsaye. Sai Tasalla ta juya baya, ta zauna a haka. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, tana jin motsin 'ya'yan a bayanta, zuciyarta na ce mata waiwaya, kunya na ce mata kul. Ba ta waiwaya ba.

Ran nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya kwashi 'ya'yan ya zuba su a wani ɗan kududdufi can gefen fadama. Da safe Zalɓe ya zo wucewa, da dogon wuyansa da dogon bakinsa, ya leƙa ya ga abinci yana iyo. Ya ɗaga baki ke nan, sai Mazari ya gan shi. Mazari kun san shi, mai manyan idanu da fukafukai huɗu, wanda yake yini yana shawagi bisa ruwa, ko ya sauka kan kara ba ya naɗe fukafukansa.

"Tsintuwa! Jama'a, Zalɓe ya yi tsintuwa!"

Zalɓe ya ji kamar ya haɗiye shi. Don dokar fadamar ita ce, wanda ya yi tsintuwa sai ya yi cigiya gaban mai unguwa. Za a zauna sau uku. Mai abu ya zo ya faɗi kamannin abinsa, in ya dace ya ɗauka. In an tashi zama na uku ba wanda ya dace, abu ya zama na mai tsintuwa. Wanda ya karya doka kuwa, ya bar fadamar ke nan.

Sai Zalɓe ya gyara murya ya ce, "Ai marayu ne, riƙo zan yi musu don Allah."

Mazari ya ce, "Allah ya ba da lada. Ni da ƙanwata za mu taya ka gadi." Ƙanwar tasa siririya ce kamar allura, ta fi son inuwar ciyawa, in ta sauka sai ta haɗe fukafukanta a baya. Suka sa wa Zalɓe ido, wannan ya tashi wannan ta zauna.

Mai unguwa kuwa shi ne Malam Dodon Koɗi, gidansa cikin ruɓaɓɓen ganye a gindin wani ɓaure. Aka aika masa. Ya fito da ƙahonninsa biyu ya saurara, ya ce, "Ina nan tafe." Ba ya tafiya sai ƙasa na da laima, rana ta buɗe sai ya shige ɗaki. Kwana goma ya yi kafin ya iso.

Aka zauna. Tasalla ta zo ido jajur don kuka, amma ta zauna ta ba kududdufin baya, don Gwaggo na gefenta.

Malam ya ce, "Yarinya, faɗi kamanninsu."

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kamata suke. Ƙafa huɗu, baki faffaɗa, ba wutsiya."

Malam ya leƙa ruwa. Sai ga 'yan talibambam baƙaƙe, kai da wutsiya kawai, ko alamar ƙafa babu. Zalɓe ya fashe da dariya har wuyansa na lanƙwashewa. "Kun ji uwa! Malam, a yi sauran zama biyun yanzu, kowa ya kama gabansa."

Malam ya dubi bakin Zalɓe, ya ga miyau. Ya ce, "Ba a zama biyu ba a je gida ba. Sai na je na dawo."

"Wane gida? Ga gidanka nan a bayanka!"

"Ɗaki ne a bayana. Gida yana gindin ɓaure. Sannu ba ta hana zuwa, Zalɓe."

Ya juya ya kama hanya. Mazari ya sauka kusa da Tasalla ya ce, "'Yar'uwa, ba kowane ɗa ne yake fitowa da kamannin uwarsa ba. Ni da kike gani, cikin taɓo na girma, mummuna, ba fiffike ko ɗaya. Naki baƙaƙe ne, kai da wutsiya, ba ƙafa. Je ki gani."

Ta saci kallon Gwaggo, ta ce, "Ai ka gaya mini, ya isa." Ta riƙe maganar tana ta maimaitawa kamar mai hadda.

Da Malam ya je ya dawo, aka yi zama na biyu. Tasalla ta miƙe da ƙarfinta ta ce, "Baƙaƙe ne, kai da wutsiya, ba su da ƙafa ko ɗaya!"

Malam ya leƙa. Sai ga ƙafafu biyu sun tsiro wa kowanne a baya, suna ta harbin ruwa da su. Zalɓe ya yi tsalle da ƙafa ɗaya. "Da ta ce huɗu, yau ta ce babu! Malam, saura ɗaya."

Malam ya girgiza ƙahonninsa, ya ce, "Saura ɗaya." Ya dubi Tasalla ya daɗe, sannan ya kama hanyar ɓaure, wannan karon ma ya fi jan jiki.

Nan fa tsoro ya kama Tasalla na gaske. Zama ɗaya ya rage, daga shi sai cikin Zalɓe. Mazari ya zo, ransa a ɓace. "Ni ba zan ƙara gaya miki komai ba. Abin da na gani yau, gobe ya canja. Gani ya kori ji."

Ta juya za ta tafi kududdufi, Gwaggo ta tare ta. "Ina zuwa? Kina so a yi da mu a fadama?"

"Gwaggo, ki gafarce ni. A yi da ni ina da 'ya'ya ya fi a yabe ni ba ko ɗaya. Wancan mai dogon baki kunyar wa yake ji? Kunyar mara kunya asara ce."

 Sai Gwaggo ta matsa gefe, ta ce ƙasa-ƙasa, "In kin je, ki duba mini ko akwai mai kama da ni."

Tasalla ta je ta zauna bakin ruwa, ta zuba musu ido. Kullum tana nan tun safe. Ta ga ƙafafun gaba sun fito. Ta ga wutsiya na raguwa kaɗan-kaɗan. Ta ga baƙi na juyewa kore. Ta san mai zolaya, ta san mai ɓuya ƙarƙashin ganye, ta san malalacin da ba ya motsi sai an ture shi. Zalɓe kuwa yunwa da gadi sun ramar da shi, shi ya sa har yau ƙafafunsa kamar tsinke.

Ranar zama na uku Malam bai gama tambaya ba Tasalla ta karɓe. "Yau ƙafa huɗu gare su, kore ne, da guntuwar wutsiya da ba za ta kai jibi ba. Akwai mai ɗigo a goshi. Akwai mai ɗingishi, kaguwa ce ta matse shi shekaranjiya. Akwai wanda yanzu haka barci yake kan kainuwa."

Malam ya leƙa, ga mai barci nan kan kainuwa baki buɗe. Fadama ta ɗauki shewa. Malam ya ce, "Ɗauki abinki." Zalɓe ya buɗe fiffike ya tashi ba sallama.

'Ya'yan suka fito tsalle-tsalle suka kewaye ta. Sai mai ɗigo a goshi, shi ne babbansu, ya ɗaga kai ya ce, "Ke ce wadda take zuwa kullum tana kallonmu? Muna ta cewa, da ma wannan ce uwarmu. Tamu uwar ba mu san fuskarta ba, bayanta kawai muka sani."

Tasalla ta rasa ta yi dariya ko ta yi kuka, sai ta haɗa duka biyun. Ta ce, "Ni ce. Da mai bayan da mai fuskar, duk ni ce."

Tun daga ranar ba ta ƙara ɗauke ido daga kansu ba. Ta yi ta kallo, ta yi ta kallo, har idanunta suka firfito suka koma saman kai. In kun ga kwaɗo ya nutsa jikinsa duka cikin ruwa ya bar idanu a waje, nasa yake dubawa.

Kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma ɗanka, ka dube shi ko da da wutsiyar ido ne, ka san halin da yake ciki yau, don ba na jiya ba ne.

Ƙurunƙus kan ɗan talibambam. Wanda bai yarda ba, ya je gindin ɓaure ya tambayi Malam, in yana da kwana goma na jira.