Ƙazanta Ta Zo Sallama

An yi wani hakimi a Tungar Gamba da ya so garinsa ya faɗaɗa. Sai ya kira Tanimu magini.

"Ka yanka sabuwar unguwa a bakin daji. Kada ka taɓa gambata, ta zana ce. Kada ka haƙa kwata, tana cin fili. In wutar daji ta ci gida, ko ƙazanta ta kwanta, sai gidan yari."

Tanimu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, akwai abin da ke shiga garin nan ko ya fita ba da izninka ba?"

"Ko ƙuda!"

"Alhamdu lillahi, na huta da wuta. In ta shigo, kai ka yarje mata."

Hakimi ya yi gyaran murya. "To, ƙazantar fa?"

"Ita fita za ta yi, sai ta zo sallama."

Tanimu ya zaga gari yana yi wa mata magana. Washegari mata suka jera bokitan ruwan wanke-wanke da fo ɗin yara a ƙofar fada.

Tanimu ya ce, "Ga su sun zo sallama, ranka ya daɗe. Ta ina za su bi?"

Hakimi ya toshe hanci da rawani. "A haƙa! A sare gambar! Wancan baƙin bokitin ya fara wucewa!"