Farin Sarin Damayanti

Akwai wata mata a garin Mirzapur mai suna Damayanti, wadda mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. Ranar da aka ƙona gawarsa a bakin kogi bisa al'adar mutanen can, aka fasa awarwaronta, aka goge jan garin alamar aure da ke tsagar kanta, aka miƙa mata farin sari, wato dogon zanen da matan can ke naɗawa a jiki. Tun daga ranar ba ta ƙara sa wani launi ba.

Ita ta raini Kalindi, 'yar yayarta, tun yarinyar tana wata takwas, lokacin da uwar ta rasu. Ita ta yaye ta, ita ta koya mata karatu, har uban ya karɓe ta tana shekara goma sha biyu.

Da katin bikin Kalindi ya iso, Damayanti ta buɗe akwatinta ta daɗe tana kallo. Kowa ya san ba a zuwa biki da fari, domin kayan makoki ne. Kowa kuma ya san matar mamaci ba ta sa launi. In ta je da fari, a ce ta kawo mutuwa gidan biki. In ta je da launi, a ce ta ci amanar mijinta. Waɗanda suka kafa dokokin nan biyu sun san abin da suke yi: so suke ta zauna a gida.

Ta goge farin sarinta, ta hau mota.

Ta isa da hantsi, ranar shafa wa amarya kurkur. Tsakar gida cike da mata, kowacce cikin rawaya, suna waƙa. Hemlata, gwaggon amarya, ce riƙe da tasar kurkur. Tana hango Damayanti ta tare ta a ƙofa.

"A'a, Damayanti, ke ce? Na ɗauka wani ne ya mutu ba a gaya mini ba."

Wasu mata suka rufe baki suna dariya.

"Yaya Hemlata, 'yata na zo gani."

"Za ki gan ta. Daga nan ma ana gani. Kurkur dai sai hannun mai miji, kin fi ni sani. Ki kula kada ko inuwarki ta faɗa kan yarinyar nan."

Damayanti ta ja gefe. Ta zauna a bakin ƙofa, inda baƙi suka tuɓe takalmansu, ta naɗe ƙafafunta don kada ta tare hanya.

Mata suka shiga layi, kowacce tana shafa wa amarya a kumatu da hannuwa da ƙafafu, har jikinta ya rine. Kalindi kuwa idonta na yawo cikin taron.

"Ina Inna? An ce mini ta iso."

"Zauna," in ji Hemlata. "Amarya ba ta tashi sai an gama."

Kalindi ta miƙe. Waƙa ta tsaya. Ta ratsa matan ƙafa ba takalmi, har bakin ƙofa. Damayanti ta ja da baya tana girgiza kai.

"Kada ki taɓa ni, 'yata. Koma."

Kalindi ta durƙusa ta rungume ta, ta goga fuskarta a kafaɗarta, ta shafe hannuwanta biyu a jikin sarin daga sama har ƙasa. Da ta ɗago, farin ya zama rawaya.

"Gwaggo, fari ne laifin? To ga shi, ta fi ki rawaya yanzu."

"Rashin kunya," in ji Hemlata. "Rini zai dawo mata da miji ne?"

"Hannun nan ya yi mini wanka shekara goma sha biyu, ya ba ni abinci, ban mutu ba. Sai yau ne zai kashe mini miji?"

Raghunath, uban amarya, yana tsaye gefe tun farko yana kallo. Ya tako a hankali, ya karɓi tasar daga hannun yayarsa, ya sunkuya ya ajiye ta gaban Damayanti.

Hemlata ta ce in haka ne ita ta bar gidan. Ta nemi takalminta, ta tsaya a ƙofa tana jiran a roƙe ta. Ba wanda ya waiwaya.

Damayanti ta tsoma yatsu uku a tasar. Ta shafa a goshin yarinyar da ta raina. Wata tsohuwa ta ɗauko waƙar daga inda aka tsaya, sauran suka amsa.

Darasi: Rasuwar miji rashi ne, ba laifi ba ne. Duk dokar biki da ke zaunar da wadda ta yi raino a wurin takalma, ta ba mai gori tasar albarka, ba ladabi ba ne, zalunci ne, kuma shirun masu kallo ne ke raya ta. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke shirin biki, ya duba wa ya bari a bakin ƙofa.