Baduku da Kyamarar Malam Isyaku

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Gyaɗi-Gyaɗi, Malam Isyaku, wanda wata jarida ta sallama a zamanin soja. Shekara shida yana zaune da tsohuwar kyamararsa ta 'yan jarida, ƙatuwa, mai wuyan fata da ke miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri.

A 1999, da mulki zai koma hannun farar hula, editan jaridar ya aiko masa: ya ɗauko hoton rantsar da kansiloli. In ya yi kyau, ya dawo aiki.

Malam Isyaku ya rufe ƙofa da taga, ya kunna tocila a cikin wuyan kyamarar. Haske ya ɓullo ta huji bakwai. Ta nan rana za ta shiga ta ƙona fim.

Maƙwabcinsa Baba Mu'azu, baduku mai ɗinkin jaka, da ya ji labari, ya ce, "Malam, kawo in gani. Ina da fatar akuya marar kauri, kamar takarda."

Malam Isyaku ya sauke tabarau kan hanci. "Akuya? Baba, wannan daga Japan ta zo fa. Ba takalmi ba ce."

Sati uku yana neman sabon wuya. Titin Gidan Zoo, Tarauni, Sabon Gari, yau a ƙafa, gobe a acaɓa. Wani ya ce sai Legas. Wani yaron shago ya juya kyamarar yana dariya: "Alhaji, wannan ai gidan tarihi ake kai ta. Da gawayi take aiki?" A Hotoro ya sami irinta wurin Hajiya Binta, matar wani marigayi mai hoto, amma ɓeraye sun riga shi cinye wuyan.

Ana jibi rantsuwa ya tsaya a rumfar Baba Mu'azu, ƙafa ta kumbura, murya ta yi ƙasa.

"Baba... fatar nan tana nan?"

"Ta akuyar?"

"Ita."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya duba naɗe-naɗen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Zan liƙe ta ciki da waje. Amma kowane gefe sai gam ya kwana biyu. In ka miƙe shi da danshi, ya yage gaba ɗaya."

"Jibi ne fa, Baba!"

"Sati uku ke nan da na ce ka kawo, Malam."

Aka yi rantsuwa, jarida ta ɗauki wani mai hoto.

Bayan kwana huɗu Malam Isyaku ya sake kunna tocila a cikin wuyan. Ko ɗigon haske babu. Ya daɗe zaune cikin duhun ɗakin. Sannan ya sa fim, ya fito ya tsaya gaban rumfa.

"Baba, gyara hularka."

"Ni? Ai ba kansila ba ne."

"Na sani. Ɗago kai."

Darasi: Kada ka raina sanin na kusa da kai don sana'arsa ba ta da suna. Ranar da za ka dawo gare shi, ko ya yafe maka, lokaci ba zai jira ka ba. Ku tura wa wanda ya fi ƙarfin tambayar maƙwabcinsa.