Sanyin Genting da Motar Malam Zulkiflu

Akwai wani ɗalibi mai suna Muntasir a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje inda ya je ƙaro karatu. Ya yi digirinsa na farko a Rasha, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Maƙwabcinsa Malam Zulkiflu yana da wata tsohuwar mota da kusan kowane Bahaushe a unguwar ya taɓa ara. Matarsa Walida na da tsohon ciki, motar ce abin dogaronsu ranar haihuwa. Duk da haka, da Muntasir ya nemi aro zai hau dutsen Genting mai sanyi, bai hana shi ba.

Muntasir ya tuna yadda sanyin Rasha ke daskarar da baƙin mai mai kauri. Sai ya ce bari ya yi abin arziki. Ya sa aka juye baƙin man motar, aka zuba mai ruwa-ruwa, bai gaya wa kowa ba. Garin neman gira ke nan.

A hanyar dawowa hayaƙi ya turnuƙe bayan motar, jar fitila ta kama, inji ya fara ƙara. Janyo ta aka yi.

Muntasir ya tsaya a ƙofar gidan Malam Zulkiflu, kunya kamar ya nutse. Ya faɗi abin da ya yi.

Malam Zulkiflu ya ce, "Ba ka ji ciwo ba dai?"

"Lafiyata lau, Malam. Amma na cuce ku."

"Haba, relax lah, kwantar da hankalinka. A Rasha da gaskiyarka. Amma sanyin Genting na sa rigar sanyi ne kawai, bai kai ya daskarar da mai ba. Ita kuwa tsohuwa ce, injinta ya saki, siririn mai zurarewa yake ya ƙone. Shigo mu makan, abinci na jiranmu."

Wallahi haƙurin mutumin nan ya burge ni. Ko a masallaci bai taɓa ɗaga zancen ba.

Muntasir ya tare a garejin bakanike har motar ta tashi. Da ya kawo makulli, Malam Zulkiflu ya mayar masa.

"Riƙe. Jibi ina da taro can nesa a Penang. In naƙuda ta tashi, kai za ka kai Antinka asibiti."

"Ni, Malam? Bayan abin da na yi?"

"Wa ya fi ka sanin motar nan yanzu?"

Ranar kuwa naƙudar ta tashi da hantsi. Muntasir ya kai ta lafiya, kuma shi ya kira Malam Zulkiflu ya yi masa albishir da ɗiya mace.

Darasi: Ilimin wata ƙasa sai an auna shi da yanayin inda kake. Kuma wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, kada ka karya shi, ka sake ba shi amana. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.